Shagon da ke kan Instagram na haya ne, kuma mai gidan ba ya ba da notis

A yammacin Litinin, 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a faɗin duniya, aka shafe kusan awa shida babu wanda ke buɗewa. Daga baya kamfanin ya ce kuskure aka yi wajen sauya saitin na'urorin da ke haɗa cibiyoyinsa na ajiyar bayanai. Masu hira kawai ba su yi asarar komai ba: sun kashe data sun kunna, sun zargi layinsu, sun haƙura. Amma mai sayar da atamfa da duk odarta ke cikin WhatsApp, ko mai abincin biki da adireshin inda za ta kai kaya ke cikin saƙon Instagram, shagonta aka garƙame a wannan yammaci, kuma makullin ba ya hannunta.

Washegari komai ya dawo daidai, aka manta. Darasin da ke cikin abin kuwa har yau da yawa daga matasan da ke sana'a ta waya ba su ɗauke shi ba. Shafin da mutum ya buɗe a kafar sada zumunta shagon haya ne. Yana iya kasancewa a bakin titi mai cunkoso, yana iya kawo cinikin da ya fi na rumfa a Kantin Kwari, amma filin da yake kai na wani ne. Mai tallata sana'arsa a intanet ya kamata ya ci moriyar cunkoson wannan titi iyakar iyawarsa, yana kuma kwashe abin da ya samu zuwa wurin da yake mallakinsa.

Gemun maƙwabta ya sha kamawa da wuta

Ɗaukewar awa shida ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya faru 'yan watanni kafin nan. A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, wato sama da wata bakwai. Masu sayar da takalma da turare da masu zanen tambari da suka shafe shekaru suna tara mabiya a can ba su da hannu a rigimar, babu kuma wanda ya nemi shawararsu. Sun dai wayi gari an toshe hanyar da kwastomominsu ke bi.

Wani lokacin kuma kafar ce da kanta ke mutuwa. Waɗanda suka yi zamanin BlackBerry sun san yadda ake raba lambar BBM kamar katin kasuwanci, ana tura hotunan kaya ga ɗaruruwan mutane. An rufe BBM na gama-gari a ranar 31 ga Mayun 2019. Wata biyu kafin nan, a farkon Afrilu, Google ya rufe Google+. A Indiya gwamnati ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, masu miliyoyin mabiya suka koma farawa daga sifili a wasu manhajoji.

Ko Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, bai tsira daga irin wannan ba. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. A watan Mayun 2025 labari ya bazu cewa kamfanin ya shaida wa kotu yana iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba a kai ga haka ba. Sai dai duk mai sana'ar da hankalinsa ya tashi a wannan mako ya kamata ya tambayi kansa dalili. Amsar ita ce ya zuba ƙwansa duka a kwandon da ba shi ne ke riƙe da shi ba.

Ko shagon na buɗe, ba kowa ake bari ya gan shi ba

Akwai wata asarar da ta fi rufewa yawa, ita kuma kullum ake yinta ba a sani ba. Mai mabiya dubu hamsin yana ɗauka idan ya ɗora hoto mutum dubu hamsin za su gani. Ba haka tsarin yake ba. Manhajar ce ke zaɓar abin da za ta nuna wa kowa, bisa lissafin abin da zai riƙe shi a kan waya, kuma kamfanin na sauya wannan lissafi duk lokacin da ya ga dama. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya fito fili ya ce Facebook zai rage nuna abubuwan da kamfanoni da 'yan kasuwa da kafafen labarai ke ɗorawa, ya fifita na 'yan uwa da abokai. Ba a ɓoye hanyar da ta rage wa ɗan kasuwa ba: ya biya kuɗin talla. A taƙaice, shi ya sha wahalar tara mutanen, sannan a sayar masa da damar yi musu magana.

Sai gajeren ran abin da ake ɗorawa. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Bidiyon TikTok yana iya tashi yau, jibi ya nutse a ƙarƙashin dubban wasu. Mai sana'a da ya yi bayani mai kyau kan kayansa a watan jiya sai ya sake yinsa a wannan wata, domin wanda ya zo nema yau ba zai iske na baya ba. Aiki ne kamar ɗebo ruwa da kwando.

Ga kuma haɗarin rasa asusun gaba ɗaya. Masu kutse suna kira su ce daga wata ƙungiya ko taron intanet suke, su nemi a karanto musu lambobi shida da suka shigo ta saƙon tes. Da an karanta, WhatsApp ya koma hannunsu, su fara roƙon kuɗi da sunan mai shi. WhatsApp da kansa yana rufe asusun da ke amfani da manhajojin da ba na kamfani ba irin su GB WhatsApp, da wanda ke watsa saƙonni barkatai ga mutanen da ba su nema ba. Idan aka rufe, babu ofishin da za a je a yi bayani ido da ido. Fom ake cikewa a jira. Hausawa sun daɗe da cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da mai sana'a ke iya cewa nasa ne

Na farko shi ne jerin kwastomomi. Mutum ɗari uku da suka taɓa biyan kuɗi suka karɓi kaya sun fi mabiya dubu talatin da ke danna alamar so su wuce. Sunan kowane, lambarsa, garinsu, abin da ya saya da ranar da ya saya, duk ya kamata su kasance a wani wuri da ba cikin manhajar hira ba: a Google Sheets, a Excel, ko ma a littafi mai bango da ake ajiyewa a shago. Mai wannan jeri ko an rufe masa shafi yau, gobe zai iya sanar da mutanensa inda ya koma. Tsoffin 'yan kasuwa da ke riƙe da littafin abokan ciniki sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu.

Tara lambobi yana da ƙa'ida. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙin ƙin a riƙa turo masa talla. Tun kafin doka ma, ladabi ya hana a jefa mutum cikin zauren talla ba da izininsa ba. Tambaya ɗaya bayan ciniki ta wadatar: ko yana son a riƙa sanar da shi idan sabbin kaya sun zo? Tsarin WhatsApp ma ya goyi bayan haka. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda yana ɗaukar lamba 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa. Wanda bai yarda ba, ba zai gani ba.

Na biyu shi ne suna. Yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar CAC yana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar. A zamanin da kowa ke tsoron ya tura kuɗi a toshe shi, ganin sunan shago a kan asusu ya fi ganin sunan wani mutum da ba a sani ba kwantar da hankali. Suna mai rajista kuma yana bin mai shi duk kafar da ya koma.

Na uku shi ne adireshin da ba ya canzawa. Google Business Profile kyauta ne, yana sa shago ya fito a taswirar Google da lambar waya da lokutan buɗewa da ra'ayoyin waɗanda suka saya. Gaskiya ne shi ma gidan wani ne, amma ƙofa ce ta biyu, kuma a wani titin daban. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne adireshin intanet na kai, irin mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su. Ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, kuma muddin ana sabuntawa babu wani lissafin manhaja da zai ɓoye shi. Shi ake bugawa a jikin leda da rasit da kwali. Ko kafofi nawa suka mutu, wanda ya rubuta wannan adireshi zai iso.

Ilimin sana'a ya fi hoton kaya jawo ciniki

Adireshi kaɗai ba ya kawo kowa. Abin da ke kawo mutane shi ne abin da aka ajiye a wurin, kuma a nan ne yawancin masu talla suke kuskure. Hoto, sai a rubuta akwai, sai a ce mai son farashi ya biyo ta saƙo. Mutum ɗari suna sayar da kaya iri ɗaya da hoto iri ɗaya, wani lokacin ma daga dila ɗaya aka kwafo. Babu abin da ya bambanta su sai wanda ya fi karya farashi, wannan gasa kuwa ƙaramin ɗan kasuwa ne ke faɗuwa a cikinta.

A ɗauki misalin matashi mai sayar da wayoyi a Farm Centre ta Kano. Abin da ya sani wanda kwastoma bai sani ba shi ne jarinsa na gaske. Ya san mai sayen iPhone ta hannu ya kamata ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar. Ya san idan tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba, wayar na iya kullewa ta zama abin ado. Ya san idan lafiyar batir ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, lokacin canza shi ya yi, don haka dole farashi ya sauka. Idan ya tsara wannan bayani da Hausa mai sauƙi, ya ajiye a adireshinsa, duk wanda ya je Google yana neman yadda ake gane waya mai matsala yana iya faɗowa kansa, yau ko shekara mai zuwa. Wanda ya koya wa mutum yadda ba za a cuce shi ba, shi mutumin zai fara tunawa ranar da ya tara kuɗin waya.

Haka mai sayar da fawa-bank. Kullum kwastomomi na dawowa da ƙorafin cewa an ce musu 10,000mAh ne, amma bai cika wayar mai batir 5,000mAh sau biyu ba. Bayanin ba shi da wuya: lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a kan ƙarfin batirin ciki, kusan bolt 3.7, alhali wuta na fita ta waya a bolt 5, sannan wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa ga wayar yakan tsaya tsakanin 6,000 zuwa 7,000mAh ko da kayan na asali ne. Ɗan kasuwar da ya faɗi wannan tun kafin a saya ya rage wa kansa rigima, ya kuma nuna ba ya ɓoye komai. Mai turaren wuta, mai ɗinki, mai haɗa sola, mai kilishi da ke aika kaya Legas ta tasha, kowa yana da tambayoyi goma da ake yi masa kullum. Amsoshinsu su ne tallar da ba ta tsufa.

Bambancin mai bincike da mai zagaya shafuka babba ne. Wanda bidiyo ya faɗo wa a TikTok nishaɗi ya fito nema. Wanda ya rubuta tambaya a Google matsala ce ta dame shi, kuma sau da yawa kuɗin magance ta na aljihunsa. Masu rubuta bayanin kayan fasaha da Turanci sun cika intanet, amma da Hausa filin yana da faɗi. Matashin da ya fara amsa tambayoyin sana'arsa da harshen da kwastomominsa ke tunani da shi ba zai tarar da layi mai tsawo a gabansa ba.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Suna cewa mutane suna TikTok da WhatsApp, ciniki kuma inda jama'a suke ake yinsa. Wannan gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe shafukan nan. Mai koko ba ya barin bakin tasha ya koma lungu. Abin da ake cewa shi ne kowane bidiyo da kowane sitatus ya zama yana da inda yake kai mutum: ya ajiye lamba, ya shiga jerin kwastomomi, ko ya buɗe adireshin shago. Bidiyon da mutum dubu ɗari suka kalla amma bai ƙara suna ko ɗaya a littafi ba, kamfanin da ke da manhajar ya yi wa aiki.

Suna kuma cewa kwastomomi da yawa ba sa son karatu, sun fi son murya da bidiyo. Nan ma akwai gaskiya. Sai dai bayani ɗaya yana iya fita ta hanyoyi da dama: a tsara shi a rubuce, a karanta shi a saƙon murya, a yanko muhimmin ɓangarensa a yi gajeren bidiyo. Rubutaccen shi ne uwa, domin shi injin bincike ya fi saurin ganowa, shi ake iya gyarawa idan farashi ya sauya. Yana kuma da sauƙin data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara lissafi kafin su buɗe bidiyo. Rubutu da hoto ɗaya yana buɗewa ko a inda sabis ke rarrafe.

Hujja ta uku ita ce kuɗi da lokaci. Adireshi na kai yana cin kuɗi duk shekara, sakamakon bincike kuma ba ya zuwa da wuri. Ana iya yin watanni kafin Google ya fara turo mutane. Wanda ke son ciniki a daren nan, talla mai biya ko sitatus zai fi masa. Amma jerin kwastomomi ba ya cin ko kwabo, shiga taswirar Google ma haka. Kuɗin adireshi kuwa sai a auna shi da kuɗin da ake kashewa a mako guda wajen biyan masu mabiya su ɗora talla, tallar da ke ɓacewa kafin gari ya waye sau biyu.

Daga ina za a fara

Ba sai an yi komai a rana ɗaya ba. Matakin da ya fi gaggawa shi ne kulle ƙofar da ake da ita: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Instagram da Facebook, a haɗa da imel da ake iya buɗewa, kuma kada a taɓa karanta wa kowa lambar da ta shigo ta tes. Layin da aka buɗe asusun sana'a da shi ya kasance mai rajista da sunan mai sana'ar, a riƙa amfani da shi, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani na iya sake sayar wa wani. A koma WhatsApp Business na asali, wanda ke ba da damar jera kaya har 500 da hoto da farashi.

Daga nan sai a zauna da littafi a rubuta duk wanda ya taɓa saye. Sai a tuna tambayoyin da aka fi yi a wannan wata, a amsa ɗaya a kowane mako, amsa ta gaskiya da ta haɗa da aibin kayan idan akwai. A shekara guda an tara amsoshi hamsin, kowace tana aiki ko mai ita yana barci.

Kafofin sada zumunta sun buɗe wa dubban matasa, musamman mata da ke sana'a daga cikin gida, kasuwar da iyayensu ba su taɓa samu ba. Wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Amma kamfanonin da suka gina su suna da nasu lissafin, gwamnatoci suna da nasu, kuma ba a kiran mai sayar da atamfa teburin da ake yanke hukunci. Wata rana wata kafar za ta sake ɗaukewa, ko a sauya dokarta, ko a rufe wani asusu bisa kuskure. A ranar, mai mabiya kawai zai zauna yana sabunta sikirin yana jira. Mai littafin kwastomomi zai ɗauko shi, ya fara kira daga lamba ta farko.